Gashin Awakin Zamfara a Jamus

Ma'aikacin kwastan ya buɗe gwangwanin madarar da ke hannuna, ya leƙa ciki, ya ɗago kai ya dube ni. Ya zaro ambulan ɗaya, ya ɗaga shi saitin fitila yana juyawa.

"Mene ne wannan?" ya tambaye ni da Turanci.

Na ce, "Gashin akuya ne."

Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya kira wata mata. Ina tsaye da 'yar shara da hula, sanyin da ban taɓa jin irinsa ba yana shigowa ta ƙasan ƙofa yana kama mini ƙafafu. Awa ɗaya ke nan da saukata ƙasar Jamus.

Sunana Lawali, mutumin Shinkafi. Likitan dabbobi ne ni, a lokacin ina aiki a Ƙaura Namoda, muna cikin jihar Sakkwato tukuna. Abin da ya kawo ni shi ne wata wasiƙa da na rubuta wa wata farfesa mai binciken asalin dabbobi, na ce mata muna da jajayen awaki da duniya ta san fatarsu amma ba wanda ya san daga ina kakanninsu suka fito. Ban zaci za ta amsa ba. Ta amsa, ta samo mini gurbin shekara ɗaya, ta ce in zo da gashi da saiwarsa, na kowace akuya a ambulan ɗinta. Mako uku muka yi a kan babur ni da Malam Bello, dattijon malamin dabbobi da muke aiki tare, muna bin Shinkafi da Jangeru da Banga da Zurmi gida gida muna tsigar gashi. A bayan kowane ambulan lamba kawai na rubuta. Sunan gari da sunan mai akuya da abin da aka faɗa mini game da uwarta duk suna cikin wani littafi mai baƙin bango.

Matar ta duba takarduna ta ce akwai hatimi ɗaya da babu. Za su riƙe gwangwanin sai likitan dabbobinsu ya duba. Na ce yaushe? Ta ce wataƙila gobe, wataƙila jibi. Ta ba ni shawara in wuce garin da za ni, su aiko mini. Na ce ba inda za ni.

Ina zaune a kan benci da babban akwatina a gabana, na rasa wanda zan tambaya ko ofishin likitan yana ina, sai na ji an ce, "Salamu alaikum. Bahaushe ne?"

Wani mutum ne mai ƙiba, da kwat mai kyau da tabon salla a goshi. Ya ce sunansa Alhaji Musa, shekararsa goma sha biyu a ƙasar. Hausarsa irin ta mutanen zango ce na bakin teku, amma a ranar ta fi mini ta kowa daɗi. Kuma ya taimake ni, ba zan ɓoye wannan ba. Shi ya kai ni ofishin, ya yi mini tafinta, ya nuna mini wani masauki mai sauƙi kusa da filin jirgi, ya kai ni inda wani Baturke ke sayar da naman halal. Kwana biyu yana zuwa da safe mu zauna mu jira tare. Har hoton Kulu matata da 'yarmu Amina na nuna masa.

A rana ta uku aka ce in hau sama in karɓi kayana. Na ja akwati zan shiga da shi, mai gadin ƙofa ya ce ba a shiga da manyan kaya. Alhaji Musa ya ce, "Haba Likita, je ka abinka, ina nan." Na hau. Wani tsohon likita ya buga hatimi, ya miƙo mini gwangwanina, har ya yi mini murmushi. Na sauko da sauri ina so in nuna wa Alhaji.

Bencin yana nan, babu kowa a kai.

Na ce ko bayi ya zaga. Na jira. Na zagaya zauren sau uku ina leƙa fuskar duk baƙin mutumin da na gani. Na fita waje wurin motoci, na dawo. Sai da aka yi la'asar na yarda. Tufafina ne a ciki da kilishin da Kulu ta sa mini, da kwat ɗin da na saya a gwanjo. Waɗannan duk ban damu da su ba. Littafin nan mai baƙin bango yana ciki, na naɗe shi a cikin babbar riga da hannuna tun ranar farko, wai don kada ya ɓace a wurin kwastan.

'Yan sanda sun rubuta bayanina cikin ladabi. Ɗayansu ya tambaye ni cikakken sunan mutumin da inda yake zaune. A nan na gane ban san ko ɗaya ba.

Garin jami'ar awa huɗu ne a jirgin ƙasa. Na isa na tarar ɗakin da aka ba ni ba zai samu ba sai farkon wata, saura kwana tara. Na tsaya a bakin ofishin da gwangwani a hammata ina rawar ɗari. A aljihun fasfona akwai wata 'yar takarda mai lambar tarho da Oga Chidi, mai kemis ɗin da ke kusa da ofishinmu a Ƙaura, ya ba ni. Ya ce yayarsa Ngozi nas ce a Jamus, in na sami hali in gaishe ta. Ban yi niyyar kiran ta ba, don ban ga abin da zai haɗa mu ba. Na shiga rumfar tarho na buga, na fara bayani da Turanci.

Ta katse ni. "Kai ɗan Ƙaura na?"

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Yi magana mana! Mi yas same ka? Kana ina yanzu?"

Hausar gidanmu ce tsantsa, irin wadda kakata take yi. Na ce ni ɗan Shinkafi ne, a Ƙaura nake aiki. Ta ce, "To ɗan Shinkahi, tsaya nan inda kake, kada ka gusa."

Anti Ngozi ta zo da kanta a mota, tafiyar awa ɗaya. Gajeriya ce, ta fara furfura. Ta dube ni tun daga hula har takalmi ta ce, "Da wagga riga kaz zo ƙasar ga? Mutuwa kaka so ka yi?" Ta cire gyalen wuyanta ta naɗa mini. A gidanta ta ba ni kwat ɗin mijinta, wani dogon Bajamushe mai yawan shiru, hannun rigar ya rufe mini yatsu. Ta tuƙa tuwon semo da miyar busasshiyar kuɓewa, ta zauna tana kallo ina ci.

A kwatas ɗin reluwe na Ƙaura aka haife ta, babanta ma'aikacin tasha ne. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi tashin hankalin da ya sa mutanensu suka gudu. Wani maƙwabcinsu mai sayar da hatsi ya ɓoye su kwana biyu a rumbunsa, ya sa su cikin taragon kaya. Bayan yaƙi ƙanenta Chidi ya koma, ita ba ta sake taka garin ba. Ta yi ta tambaya ta: itacen mangwaron bayan tasha yana nan? Har yanzu ana jibge buhuna a bakin dogo? Mai ƙosan nan ta ƙofar makaranta fa, wadda take da yatsa shida? Wasu na sani, wasu ban sani ba. Inda ban sani ba sai ta ɓata rai kamar ni na rushe su.

Kwana tara na yi a gidan. Ita kaɗai na gaya wa zancen littafin. Ta ce, "Ka hwaɗa ma malamarka tun ranar hwarko." Na ce to. Ban faɗa ba.

Farfesa Gisela doguwa ce, ta kusa sittin, tana tafiya kamar wadda ta makara. Ta karɓi gwangwanin da hannu biyu, ta buɗe ambulan ɗaya, ta duba saiwar gashin da tabarau ta ce, "Ka iya tsiga." Sannan ta ce bayanan wuraren fa? Na ce ina kan shirya su. Ta ce babu gaggawa, sai an fara samun sakamako.

Abin da suke yi a wurin, in an cire manyan kalmomi, ba shi da wuyar fahimta. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin dabba akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira mitokondiriya, su ke ba jiki ƙarfi. Suna da nasu ɗan rubutun gado daban, haruffa iri huɗu da ke ta maimaituwa, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Bunsuru ba ya ba 'ya'yansa. A hankali, cikin dubban shekaru, harafi yakan canza nan da can. In ka karanta na dabbobi da yawa ka jera, za ka ga waɗanda suka haɗa kaka ta wajen uwa, da waɗanda suka rabu tun da daɗewa.

Mutanen wurin kowa da hanyar da ta kawo shi. Da ƙarfe goma ake shan kofi, a nan na san su. Lin, wata 'yar Sin da iyayenta masunta ne, shekararta biyu tana karanta rubutun mitokondiriyar wani kifi tun daga farko har ƙarshe, haruffa sama da dubu goma sha shida, tana so ta gano wane reshen kifaye ya fi kusa da dabbobin tudu. Ta ce ita ba ta cin kifi, ya ishe ta tun tana yarinya. Jens shi lissafi ya karanta. Bai taɓa riƙe akuya ba, ya ce warinsu ma ba ya so, amma in ka ba shi haruffa zai zauna gaban kwamfuta ya fitar maka da bishiyar zuriya. Wanda na fi shaƙuwa da shi Mehdi ne, mutumin Iran daga wani ƙauyen duwatsu. Babansa maharbin awakin daji ne. Shi kuma ya bi gidajen tsofaffin maharba yana kankarar ƙahonin da suka rataye a bango, don ya gano ko daga waɗannan awakin daji ne na gida suka samo asali. Ya ce, "Babana ya kashe su, ni ina tambayar su labari." Tare muke salla a wani ɗakin ajiya, tsakanin kwalaye.

Shi ya koya mini aikin hannu. Ka yanke saiwar gashi, ka narkar da ita, ka ɗebi ɗigon da ido da ƙyar yake gani ka sa a injin da zai ninka rubutun, sannan bayan kwanaki ka sami wani fim irin na hoton ƙashi, da layuka baƙaƙe jere kamar matakala. Mutum ɗaya yana karantawa daga ƙasa zuwa sama, ɗaya yana rubutawa. Mako biyar fim ɗina yana fitowa fari fat. Ranar da layuka suka fara fitowa Mehdi ya rungume ni, Lin ta kawo biskit. Ni kuwa ban yi murna ba, don kowane sakamako yana matso da ranar da za a tambaye ni wannan ta wane gari ce.

Ban iya zama wuri ɗaya a watannin nan ba. In na tashi aiki sai in bi bakin kogi in yi ta tafiya har ƙafafuna su mutu. In na wuce tashar jirgin ƙasa sai na shiga na duba fuskoki. Sau biyu ranar Asabar na hau jirgi na koma filin jirgin saman nan, awa huɗu zuwa awa huɗu dawowa, na zauna a kan bencin, na leƙa kwandunan shara kamar littafin zai jira ni wata uku. Na sayi sabon littafi na fara rubuta abin da na tuna. Na tuna fuskokin mata da yawa, na tuna wata akuya mai karyayyen ƙaho a Zurmi, amma lambobin sun cakuɗe. Sai in rubuta, in soke, in yage shafin. Wasiƙun Kulu suna zuwa, tana cewa Amina ta fara tafiya, tana bin bango tana kiran duk mai babur Baba. Ina amsa mata da cewa komai lafiya.

Sai lamba arba'in da ɗaya ta fito.

Ni nake karantawa, Mehdi yana rubutawa. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi fim ɗin ya karanta da kansa. Sauran awakina duk kusan dangi ɗaya ne, bambancinsu kaɗan. Wannan ta saɓa musu a wurare da yawa. Muka sake aikin daga sabon gashi, ya fito daidai da na farko. Jens ya sa a kwamfuta, sai ga ta a reshe ita kaɗai, nesa da 'yan'uwanta. Ya kira Farfesa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo fuskarta a sake.

"Lawali, wannan daga ina take?"

Na ce, "Ban sani ba."

Na faɗa musu komai a tsaye, tun daga bencin filin jirgi. Da na gama Farfesa ta ce in biyo ta ofis. Na tabbata kora ce.

Ta rufe ƙofa ta ce, "Wata nawa?"

Na ce huɗu.

"Satar ba laifinka ba ce. Wata huɗun nan naka ne." Sannan ta ce ita a gabashin ƙasar ta tashi, babanta mai gadin daji ne. An hana ta shiga jami'a shekaru saboda wata magana da ya yi, ta yi aikin share kejin dabbobi a gidan zu kafin ta sami hanya. Bareyi da tumakin daji take bincike. Ta ce ta taɓa kashe shekara biyu a kan wata fata ta gidan tarihi, daga baya ta gano wanda ya rubuta takardar jikin fatar shekaru aru-aru da suka wuce hasashen inda aka samo ta kawai ya yi. "Ban san sunansa ba, amma har yau ina jin haushinsa. Wa ya raka ka wurin tsigar gashin nan?"

Na ce Malam Bello.

"To me kake jira?"

A ranar na rubuta wasiƙa biyu, ɗaya ga Malam Bello, ɗaya ga Kulu, na gaya mata gaskiyar da na ɓoye. Mako bakwai na jira. Kullum sai na duba akwatin wasiƙu sau uku, har mai rabon wasiƙa ya san ni, yana hango ni sai ya girgiza kai.

Amsar ta zo a ambulan ɗaya. Kulu ta rubuta layi biyu na faɗa, ta ce da na gaya mata tun farko da tuni an gama. Sannan ta tuna mini abin da na manta: ita ta sayo ambulan, masu ruwan ƙasa suka ƙare kafin mu tafi Zurmi, ta sayo farare. Ke nan duk farin ambulan na Zurmi ne. Malam Bello kuwa ya hau babur ya sake bin gidajen duka, yana tambayar matan wa muka fara zuwa wurinta, wa ke biye. Ya cika shafi shida da rubutunsa mai kwanciya. A ƙarshe ya ce:

"Likita, ranar Juma'a munka gama Jangeru, gidan ƙarshe na Hajiya Ige ne. Litinin munka fara Banga da gidan Gwaggo Tumba. To a gidan Hajiya Ige akwai akuyar da ta kubce muna ta haura katanga. Ni ina ganin mun tsige ta kafin ta gudu, ita Hajiya ta ce ba mu tsiga ba. In mun tsiga, arba'in da ɗaya ta Jangeru ce. In ba mu tsiga ba, ta Banga ce. Ba zan yi maka rantsuwa a kan abin da ban tabbatar ba."

Kusan duka sauran sun sami garinsu. Ita kaɗai wadda kowa ke so ta faɗo a tsakani.

A lokacin na riga na cinye rabin gurbina, kuma akwai kwamitin da zai duba ko za a ƙara mini shekara uku in yi digirin digirgir. Jens ya same ni a wurin kofi da taswira a hannu. Ba mugun mutum ba ne, so yake ya taimake ni. Ya ɗora yatsa a kan Jangeru ya ce, "Dubi nan. Bakin iyaka, makiyaya suna shiga suna fita, hanyar da ta haura har Sahara. Baƙuwar zuriya ta nan za ta shigo. Abokin aikinka ma ya ce yana ganin kun tsiga. Rubuta Jangeru. Da wannan labarin kwamiti ba zai ƙi ka ba."

Na zauna gaban na'ura na buga Jangeru. Ya zauna daidai a layin, kamar don shi aka bar wurin. Na fita na yi tafiyata ta bakin kogi, na dawo, yana nan. Kwana uku yana nan. Ina ta ƙoƙarin tuno akuyar nan tana haura katanga, wani lokaci in ga gashi a hannuna, wani lokaci in ga hannuna wayam. Na gane duk wanda nake so shi nake gani. A rana ta huɗu Mehdi ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ya je ya ci gaba da wanke kwalabensa. Na goge, na rubuta: ba a tabbatar ba.

Kwamiti ya ce aikin yana da tsabta, amma ba su ga abin da zai sa a ƙara shekara uku ba. Farfesa ta yi magana a kaina, bai isa ba. Ranar da zan tafi ta ba ni ambulan hamsin sababbi da alƙalamin da ba ya gogewa. Anti Ngozi ta kai ni filin jirgi. Na cire kwat ɗin mijinta zan mayar, ta ce in bar shi. Ta ba ni saƙon magunguna ga ƙanenta, sannan ta riƙe mini hannu ta ce, "In ka tahi, ka duba min mangwaron nan. In an sare shi kada ka hwaɗa min."

Na dawo na tarar an ba mu jiha, kowa yana cewa mu yanzu Zamfara muke. Amina ta ƙi yarda in ɗauke ta, sai da aka yi mako. Abokai suna tambaya ina digirin, in ce babu, su ba ni haƙuri irin na ta'aziyya. Ban huta ba. Asabar ta farko muka hau babur ni da Malam Bello. A Jangeru mai haura katanga tana nan, ta sake ba mu wahala. A Banga aka ce an yanka akuyar Gwaggo Tumba da muka fara tsiga a wani suna, amma ta bar 'ya'ya mata biyu, kuma abin da uwa take ɗauke da shi su ma shi suke ɗauke da shi. Na tsiga duka, na rubuta komai a bayan kowane ambulan, na aika wa Mehdi da takardun da suka dace.

Sai da damina ta faɗi amsa ta zo. Ta Jangeru irin sauran ce. 'Ya'yan ta Banga su ne, harafi da harafi. Farfesa ta ƙara da hannunta a ƙasa cewa za a sa a rahoton da sunana, kuma Jens ya ce a gaishe ni. Jamus dai ban sake komawa ba.

Da yamma muka je Banga ni da Malam Bello, gero ya kai gwiwa. Gwaggo Tumba tana tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani iya yadda zan iya, cewa awakinta ba su haɗa kaka da na kowa a ƙasar nan ba.

Ta ce, "Wanga shi na abin da kat tahi ƙasar Turawa nema? Ai da ka tambaye ni. Su ba su cin dusa sai an jiƙa musu, kuma ba su kwana inda na wasu ke kwana."

Na ce, "Gwaggo, a ina kika same su?"

"Uwata ta ba ni uwar kakarsu da za a kawo ni gidan ga. Ita ma tata uwar ta ba ta."

"Ita kuma daga ina?"

Ta ajiye faifan ta yi tunani. "Ni ƙarama ce, ban riski zancen ba. Sai dai yayata, tana wani ƙauye gaba da Zurmi, bayan gulbi. Ita ta san komi. In tana da rai, don bara an ce ba ta gani." Ta ɗaga kai ta dubi gabas. "Amma hadari ya taso, ɗana. In gulbi ya kawo, ba ku ƙetarewa sai bayan kwana uku."

Na juya in tambayi Malam Bello ko mu bari sai wani mako. Ba ya wurin. Daga ƙofar gida na ji yana ta dukan babur, ya tashi a bugu na uku.